Kurakuran da aka fi yi wajen binne bututun ruwan indararo

Ruwan da rufi ke tarawa ya fi yadda ake zato yawa. Milimita 1 ta ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce cif. Ke nan rufi mai murabba'in mita 100, in aka yi ruwan milimita 25, zai zubo da lita 2,500 ta bakin indararo biyu ko uku. Binne bututu don a kai ruwan nan nesa da gini dabara ce mai kyau. Amma in aikin bai yi daidai ba, gara a bar ruwan yana zuba a fili, don aƙalla ana ganin inda yake nufa. Wanda ke ƙarƙashin ƙasa sai bango ya fara danshi ko ya tsage kafin a farga.

Babban kuskure shi ne fara haƙa daga gindin indararo ba tare da an san inda ruwan zai fita ba. Daga mafita ake fara lissafi. A nemi wurin da ya fi gindin gini ƙasa, a auna bambancin tsayin, sannan a ga ko zai ba da gangara. Abin da aka saba bi shi ne bututu ya sauka aƙalla santimita 1 a kowace mita, wato mita 10 na buƙatar santimita 10. Ido ba ya iya auna wannan, komai ƙwarewar mai aiki. A ja igiya, a ɗora lebur, wato ma'aunin magina mai nuna gangara. Sau da yawa za ka ga an sami gangara a farko da ƙarshe, amma tsakiya ta lotsa saboda ƙasan ramin bai daidaita ba. A nan ruwa ke kwanciya, yashi da ruɓaɓɓen ganye su taru, sauro ya sami wurin haihuwa, bayan damina biyu ko uku bututu ya toshe. Maganinsa shi ne a daddaɓe ƙasan ramin, a shimfiɗa yashi ko ƙananan tsakuwa, bututu ya kwanta a kai tun daga farko har ƙarshe. In an riga an binne kuma ya lotsa, babu wata dabara sai a tone wurin a gyara shimfiɗar.

Sai zaɓen bututu. Mutane na son baƙin bututun nan mai ƙwarya-ƙwarya saboda araha da sauƙin lanƙwasawa, to amma kowane lungu a cikinsa matattarar datti ce, kuma sauƙin lanƙwasar tasa ita ke sa shi lotsawa. Bututun roba na PVC mai santsin ciki, faɗin milimita 100 zuwa 110, ya fi shi nesa ba kusa ba. Wanda ya fi muni shi ne a sa bututu mai huje-huje. An yi shi ne don ya tsotse ruwa daga ƙasa mai jiƙa. In ka zuba masa ruwan rufi, zai riƙa tsiyayar da shi a gindin fandeshan, wato abin da ka kashe kuɗi don ka hana shi ka jawo. Inda mota za ta bi ta kai kuma, a sa mai kauri, a ƙara zurfi.

Akwai masu haɗa indararo huɗu ko biyar a bututu guda. Da yayyafi ba za a ga komai ba. Ranar da aka yi kamar da bakin ƙwarya, ruwa zai dawo baya ya yi ambaliya a jikin bango. A raba su layi biyu, ko a ƙara faɗin babban layin.

Kwanar da bututu ke sha ma tana da tata matsalar. Gwiwa mai digiri 90 tana rage wa ruwa gudu, kuma wayar fasa toshiya da ƙyar take wuce ta. Biyu masu digiri 45 sun fi. Mahaɗa kuma a sa mata gam ko zoben roba, domin saiwar bishiya danshi take bi, in ta sami kafa kamar ta allura za ta shiga ta cika bututun.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne a liƙe indararo da bututun ƙasa gam, babu marfi, babu raga, babu ta inda za a leƙa. Duk abin da iska ta ɗora a kan rufi can zai tafi. A sa matatar ganye a jikin indararo, ko ƙaramin akwati mai tara yashi a gindinsa, a kuma bar baki mai murfi wanda za a buɗe a zura tiyo. Kuɗinsa kaɗan ne in aka kwatanta da tone tsakar gida.

A mafita, kada ta gaza mita 3 daga gini, kada kuma ta fuskanci katangar maƙwabci. In rami mai tsakuwa za a yi don ƙasa ta shanye ruwan, a nisanta shi kamar mita 5, a fara gwada ƙasar: a haƙa rami, a cika shi da ruwa, a ga yadda yake tafiya. In ya kwana bai ragu sosai ba, yumɓu ne, sai a nemi wata hanya. Kada a kuskura a haɗa ruwan rufi da sokawe ko bututun ban-ɗaki. Ruwa ɗaya mai ƙarfi ya isa ya cika shi ya dawo da ƙazanta cikin gida, kuma a wurare da yawa doka ta hana. A rufe bakin mafita da raga saboda ɓera da kwaɗi. A ƙasashen da ruwa ke daskarewa, ruwan da ya kwanta a ƙarshen bututu kan zama ƙanƙara ya toshe shi, shi ya sa ake huda ƙasan gwiwar ƙarshe a zuba tsakuwa a ƙarƙashi.

Kafin a sa diga, a san inda wayar lantarki da bututun famfo suka bi. Kafin a mayar da ƙasa, a zuba bokiti biyu ko uku daga sama, wani ya tsaya a mafita ya ga ko ruwan ya fito da ƙarfi, ana kuma duba mahaɗai. A ɗauki hoton ramin a waya yana buɗe, don bayan shekara biyar ba wanda zai tuna ta inda layin ya bi.

Kulawar ba ta da yawa. Kafin ruwan farko a share indararo, a kwashe yashin akwati, a zura tiyo a wanke layin. Bayan damina a maimaita. In ana ruwa, a fita da lema a duba: ruwa na tumbatsa a gindin indararo, ko mafita na ɗiga kaɗan-kaɗan alhali sama na zuba, ko wani wuri a kan layin ya dinga laushi yana nutsewa. Na farko da na biyu toshiya ce, a fara da tiyo ko waya. Na uku mahaɗa ce ta rabu, a tone daidai wurin.