Yadda Za Ki Shirya wa Allurar Baya Kafin Naƙuda

Allurar baya, wadda likitoci ke kira epidural, tana kashe zafin naƙuda daga cibiya zuwa ƙasa, mace kuma tana farke, tana jin duk abin da ake faɗa mata. A shekarar 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi wa duk mace mai lafiya da ta nemi ta rage zafin naƙuda, saboda haka neman ta ba gazawa ba ce.

Tun wajen awo ya kamata ki tayar da maganar, domin ba a tsakiyar ciwo ake yanke shawara mai kyau ba. Ki sanar da likita idan kina amfani da maganin tsinka jini irin su heparin, ko jininki ba ya saurin daskarewa, ko an taɓa yi miki aiki a ƙashin baya, domin ɗaya daga cikin waɗannan kan iya hana a yi ta ko ya sa a jinkirta.

Idan lokaci ya yi, za a fara sa miki ƙarin ruwa, sannan ki zauna a bakin gado, ki rungume matashi, ki sunkuyar da haɓa zuwa ƙirji, ki turo bayanki waje don gaɓoɓin ƙashin su buɗe. Nan ne aikinki yake, wato ki tsaya cak. Idan kin ji ciwo na tasowa ki faɗa, likita zai dakata har ya lafa. Zai kashe fatar wurin, ya zura siririyar roba ta cikin allura, ya zare allurar ya bar robar, ta nan ne za a riƙa ƙara magani. Sauƙi kan zo cikin minti 10 zuwa 20.

Bayan nan za a riƙa auna jininki akai-akai domin yakan sauka, tare da bugun zuciyar jariri. Ƙaiƙayi, karkarwa da nauyin ƙafafu ba abin tsoro ba ne, amma kada ki sauko daga gado ke kaɗai, kuma mai yiwuwa a sa miki robar fitsari. Da yake jin yunƙuri yana raguwa, ki bi umarnin ungozoma wajen nishi. Bincike bai nuna cewa allurar tana ƙara yiwuwar tiyata ko jawo ciwon baya na dindindin ba.

Kimanin mace 1 cikin 100 kan sami matsanancin ciwon kai wanda ke tsananta in ta zauna, ya lafa in ta kwanta, kuma yana da magani. Wannan, ko zazzaɓi da ciwon baya mai ƙaruwa, ko ƙafar da ta ƙi farfaɗowa, ki kai rahotonsa asibiti nan take.