Takalmin hawan dutse a hunturun Sikotilan

Ɗalibanmu da ke sauka Gilasgo ko Abadin sukan iske ƙungiyar masu hawan duwatsu a jami'arsu, kuma ba a daɗewa za ka ji an ce za a tafi Ben Nevis, dutse mafi tsayi a Birtaniya, mai mita 1,345. To, takalmin sanyin da ka saya na zuwa aji, mai gashi-gashi a ciki, ba shi da aiki a can. Ɗumi kawai yake bayarwa, alhali a kan ƙanƙara abin da ake nema shi ne tafin takalmi mai tauri wanda ba ya lanƙwasa.

Dalili kuwa shi ne kiramfon, wato ƙarafan nan masu haƙora da ake ɗaurawa a ƙasan takalmi don su caki ƙanƙara. Idan takalmin yana lanƙwasa, ƙarfen na iya suɓucewa a tsakiyar gangara. Shi ya sa a Birtaniya aka kasa takalman daga B0 zuwa B3, ƙarafan kuma daga C1 zuwa C3. B1 na tafiya ne a dusar ƙanƙara, da ƙarfe mai igiya. B2 yana da ɗan gurbi a diddige inda maƙallin ƙarfen ke kamawa, shi ne ya fi dacewa da yawancin hanyoyin hunturu a Sikotilan, misalinsa takalmin Scarpa Manta. B3 kamar La Sportiva Nepal ƙam yake, da gurbi gaba da baya, an yi shi ne don hawan bangon ƙanƙara a tsaye. Ka riƙe wannan: lambar ƙarfe kada ta fi ta takalmi.

Ni dai ban ga amfanin sabon zuwa ya tashi da B3 ba. Tafiya da shi a kan hanya wahala ce, kamar an ɗaura maka katako a ƙafa. Ga tsada, don nagari sau da yawa yakan haura fam 300. Shagunan garuruwan Fort William da Aviemore, da ke yankin duwatsun Sikotilan, suna ba da haya, ka gwada tukuna.

In ka tashi saye, je shagon da kanka, da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. Saka safar ulu mai kauri, ba ta auduga ba, don auduga na riƙe gumi ta sanyaya ƙafa. Ɗaure igiya, ka doki ƙasa da bakin takalmin: in yatsu suka taɓa gaba, ya yi kaɗan, saukowa daga dutse za ta baƙanta maka farce. Sannan ka tsaya a kan yatsu a bakin matakala, ka ji ko diddige na ɗagawa a ciki. Masu faɗin ƙafa su faɗa wa mai shago tun farko. Takalmi mai matsi na tsayar da jini, nan sanyi ke cin yatsu.

Maganar alwala kuma, ka yi ta kafin ka fita, ka tambayi malam hukuncin shafa a kan huffi tun kana gari, don a Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, Azahar da La'asar kan riski mutum a saman dutse. Cibiyar horo ta Glenmore Lodge kusa da Aviemore na koyar da tafiya da kiramfon da gatarin ƙanƙara.