Kafin ku jona sabbin sifikoki a gida

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Jidda da Makka. Duk wanda ya sayo sifikoki da amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti), ya fara duba soket kafin komai. Tsofaffin gidaje a nan har yanzu akwai masu layin wuta biyu, mai ƙarfin volt 127 da mai 220, kuma ba kullum ake rubutawa ba. Ku karanta bayan na'urar, ku auna wutar soket ɗin da mitar gwada wuta. Ni garin zumuɗi na cusa wata 'yar amfilifaya mai 110 da aka kawo min tsaraba cikin 220, sai ƙauri da hayaƙi, shi ke nan.

Wajen jona wayar sifika kuwa, a kashe wuta tukuna. Ja zuwa ja, baƙi zuwa baƙi, a kowane ɓangare. In ka juya na sifika ɗaya, sauti zai fito, amma kaurinsa zai zube, ka ji ganga kamar ana buga gwangwani. In wayar ba ta da alama, ɗauki ƙaramin batir mai 1.5, ka ɗan taɓa bakin wayoyin: in fatar sifikar ta turo waje, wadda ke kan alamar tarawa (+) ta batirin ita ce ja. Ɗaura mata salatif.

A fere robar wayar kamar santimita ɗaya kawai, a murza silin jan ƙarfen sosai. Sili guda ya leƙa ya taɓa maƙwabcinsa, ya isa ya ƙona amfilifaya.

Kada ku matse sifikokin jikin bango, ku bar musu kamar taki biyu. Maƙwabcina na sama, wani dattijo, tun daren farko ya sauko da sallama saboda ƙarar da ta dame shi.