Kurakuran da ke cinye wa ɗalibai maki a zanen kamfas da rula

A jarrabawar lissafi ta WAEC da NECO, idan tambayar zane ta zo aka ce a yi da rula da kamfas kaɗai, yawancin makin da ke zubewa gaggawa ce ke zubar da shi.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne goge sawun kamfas. Yaro ya yi aikinsa daidai, sai ya ɗauki kilina ya share 'yan lanƙwasassun layukan nan wai don takarda ta yi fes. Su ne fa shaidarka. In babu su, mai duba takarda ba zai san ko da kamfas ka fitar da kusurwar digiri 60 ba, ko kuwa da ma'aunin kusurwa ka auna. Ka bar su, amma ka ja su siriri da fensir mai tsini.

Sai batun raba layi gida biyu. A ce layin AB santimita 8 ne. Idan ka buɗe kamfas santimita 3, bakan da ka ja daga A da wanda ka ja daga B ba za su taɓa haɗuwa ba. Dole buɗin ya wuce rabin layin, kamar 5 ko 6, kuma kada ya canza tsakanin A da B. Kamfas mai sakakken wuya yakan buɗe da kansa ba ka lura ba, don haka ka ɗaure kusarsa tun a gida, ka kuma riƙe shi ta kai, kada ka matse ƙafafunsa.

Inda aka fi rikicewa shi ne tazara ɗaya. Ɗalibai da yawa da sun ga kalmar sai su hau raba kusurwa, ba su tsaya sun karanta ba. Ka tambayi kanka: tazara ɗaya daga me? Idan daga ɗigo biyu ne, A da B, amsar ita ce layin da ya ratsa tsakiyar AB a tsaye, wato a kusurwar digiri 90, ba tsakiyar kawai ba, domin kowane ɗigo a kan layin nan nisansa ɗaya da A da B. Idan kuma daga layuka biyu ne da suka haɗu, kamar AB da AC, a nan ne za ka raba kusurwar da ke A gida biyu.

Ɗigo uku fa? Ɗauka ƙauyuka uku ne, A da B da C, ake son haƙa musu rijiya ɗaya, ba wanda zai fi wani tafiya. Ka haɗa su su zama alwatika, ka zaɓi gefe biyu, ka ja layin da ya ratsa tsakiyar kowannensu a tsaye, inda layukan suka haɗu nan ne wurin. Wani lokaci mahaɗar takan faɗo a wajen alwatikar, yaro ya tsorata ya goge. Daidai ne: haka take fitowa duk lokacin da ɗaya daga cikin kusurwoyin ta wuce digiri 90. Ka gwada: kafa tsinin kamfas a mahaɗar, ka buɗe zuwa A, ka zagaya. Da'irar za ta bi ta kan B da C.

Kada kuma ka ɓata lokaci kana neman raba digiri 60 gida uku don ka sami 20. Tun 1837 Bafaranshe Pierre Wantzel ya tabbatar ba ya yiwuwa da rula da kamfas. Amma 30 da 15 da 45 da 75 duk suna fitowa daga 60 da 90.