Yadda zaka sa ɗalibai su yi tunani da kansu a darasin nanoteknoloji

Malam, nanoteknoloji ilimin sarrafa abubuwa ne ƙanana ƙwarai da ake auna su da nanomita, amma in ka shiga aji ka rubuta a allo cewa nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, kwafa kawai zasuyi suna hamma. Toh kar ma ka fara da allo.

Fara da almakashi. Ka ba kowane rukuni zare mai tsawon mita ɗaya kace su raba shi biyu, su ɗauki rabin su sake rabawa, haka dai, amma kafin a taɓa almakashin kowa ya rubuta sau nawa yake ganin za'a yanka kafin a kai nanomita. Wani zai ce dubu, wani ma miliyan. Amsar kusan sau 30 ce kacal, su kuwa da ƙyar zasu kai yanka na 10 abin ya gagari yatsa. A nan zaka gaya musu kaurin silin gashi ɗaya ya kai nanomita 80,000 zuwa 100,000.

Daga nan sai kyandir da cokalin ƙarfe, wannan shine wanda nafi so. Kai zaka riƙe wutar dan Allah, ba yara ba. Ka kara cokalin a saman harshen wutar har yayi baƙiƙƙirin, in ya huce ka ɗiga masa ruwa, ruwan zai dunƙule ya gangare bai jiƙa komai ba, in kuma ka tsoma shi a ruwa cikin kofin gilashi sai kaga baƙin cokali yana sheƙi kamar azurfa. Dalili shine ƙananan ƙwayoyin baƙin hayaƙin nan sun riƙe iska tsakaninsu da ruwan, amma kai ka kama bakinka tukuna, nasan da wuya, bakin malami ƙaiƙayi yake. Kowane rukuni ya kawo nasa bayani, ka tambaye su ta yaya zamu gwada mu gane ko hakane? Wanda yace zafi ne ya kori ruwan, a ɗumama wani cokalin mara hayaƙi a gani.

Sai salatif da bakin fensir. Su manna su ɓanɓare, su ninka su sake ɓanɓarewa har tabon ya kusa ɓacewa. Da irin wannan dabarar Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ciro grafin, wato shimfiɗa ɗaya mafi siriri ta sinadarin da ke cikin bakin fensir, a Jami'ar Manchester a 2004, suka ci kyautar Nobel a 2010.

Ragowar lokacin a yi muhawara. Akwai safa da ake saka wa ƙwayoyin azurfa na nano don su kashe ƙwayoyin cuta masu kawo wari, amma wanki yana fitar da wasu su bi ruwa. A bar ta a kasuwa ko a hana? Raba ajin biyu, bayan minti 10 kace su canja ɓangare kowa ya kare abinda yake suka ɗazu. Wajen bada maki ka duba hujjar da ɗalibi ya kawo da gwajin da yace a yi, ko da hasashensa na farko bai faɗa daidai ba.