Yadda za ka bi sawun harajin gidanka a Shikago, ka san abin da ke tafiya gina gidaje

Duk wanda ya mallaki gida a birnin Shikago na Amurka yana biyan harajin gida sau biyu a shekara, ɗan haya ma yana biya, sai dai nasa a ɓoye yake cikin kuɗin hayar da yake miƙa wa mai gida. Mutane da yawa sun ɗauka kuɗin nan gaba ɗaya yana tafiya ne ga makarantun gwamnati da 'yan kwana-kwana da wuraren shaƙatawa, alhali wani kaso mai kauri, wanda a 'yan shekarun nan ya haura dala biliyan ɗaya a shekara, yana shiga wasu asusu na musamman da ake kira TIF, waɗanda aka kafa domin raya unguwannin da suka lalace. Wanda ya san yadda ake bin sawun kuɗin shi ne zai iya neman a kashe su a kan gidajen masu ƙaramin ƙarfi.

Kafin ka buɗe kowace takarda, ka fahimci yadda tsarin yake aiki. Majalisar birni ce take shata iyakar wani yanki, sannan a rubuta jimillar darajar gidaje da filayen da ke cikinsa a wannan shekarar. Harajin da ya faɗa kan wannan tsohuwar daraja zai ci gaba da zuwa ga makarantu da gunduma da sauran hukumomi kamar yadda aka saba, amma duk ƙarin da aka samu saboda darajar gidajen ta tashi, asusun yankin yake shiga. A ƙaddara wata unguwa tana biyan dala miliyan 10 a shekarar da aka shata ta, bayan shekara goma kuma ta koma biyan miliyan 16 ba tare da an sauya ma'aunin haraji ba. To, miliyan 6 ɗin nan na asusun ne. Dokar 1977 ta jihar Ilinoi, inda Shikago take, ita ce ta ba da wannan dama, wa'adin yanki galibi shekara 23 ne, kuma majalisar dokokin jihar tana iya tsawaita shi zuwa 35. Shikago ta kafa yankinta na farko a 1984, zamanin magajin gari Harold Washington, sannan yankunan suka yawaita a mulkin Richard M. Daley.

Matakin farko shi ne ka nemo lambar gidan, mai alƙaluma 14, wadda ke saman takardar harajin da ofishin ma'ajin gundumar Cook, wadda Shikago take cikinta, yake aikowa. Takardar biya na biyu na shekara ce take nuna yadda aka raba kuɗinka, kuma idan gidan yana cikin yankin TIF za ka ga sunan yankin da abin da aka ware masa. Ɗan haya zai iya samun wannan bayani ta hanyar sa adireshin gidan a shafin ofishin na intanet. A lura cewa zama cikin yankin ba ya sa a ɗora maka ma'aunin da ya fi na maƙwabcinka na waje. Inda kuɗin suke zuwa ne ya bambanta.

Da zarar ka san sunan yankin, sai ka nemi rahotonsa na shekara a shafin sashen tsare-tsare da raya birni. Nan ne ya kamata ka yi zama na gaske. Ka duba abin da ya shigo, da abin da aka kashe, da abin da ya rage, sannan ka karanta sunayen ayyukan ɗaya bayan ɗaya kana ware na gidaje daga na tituna da na manyan 'yan kasuwa. Ka kuma duba ko an kwashe kuɗi zuwa wani yanki da ke maƙwabtaka da naku, domin doka ta yarda da hakan, kuma ta wannan ƙofa ce kuɗin wata unguwa suke iya ƙarewa a aikin wata. Idan wata yarjejeniya da aka ƙulla da mai gini ba ta bayyana a shafin ba, ka rubuta buƙata ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta jihar, wadda ta bai wa hukuma kwana biyar na aiki ta amsa.

A ganina, tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce nawa ne aka ware wa gidaje. Jihar Kalifoniya, wadda ta ƙirƙiro wannan tsari a 1952, ta wajabta wa hukumominta na raya birane su keɓe kashi 20 cikin ɗari domin gidajen masu ƙaramin ƙarfi, har zuwa lokacin da aka rushe hukumomin a 2012. Dokar Ilinoi kuwa izini ta bayar, cewa asusun zai iya ɗaukar har rabin kuɗin gina sababbin gidajen talakawa, don haka samun hakan ya rataya ne a kan matsin da mazauna suka yi. Da majalisar birni ta amince da tallafi mai yawa ga manyan ayyukan gine-gine na Lincoln Yards da The 78 a watan Afrilun 2019, abin da ya ɓata wa mutane rai shi ne ganin kuɗin raya unguwannin talakawa sun nufi filayen da ke kusa da unguwannin masu hali.

Saboda haka kada ka jira sai an fara haƙa harsashi. Ka sa sunanka a rajistar masu ruwa da tsaki ta yankinku domin a riƙa aiko maka da sanarwa, ka halarci zaman jin ra'ayin jama'a da ake yi kafin a kafa yanki ko a yi masa babban gyara, kuma ka je ofishin kansilanku, ɗaya daga cikin 50 na birnin, da alƙaluman rahoton a hannu. Idan shirin raya yankin zai tashi mazauna gidaje goma ko fiye, doka ta ce a yi nazarin tasirinsa ga mazauna, kuma kana da damar neman kwafi. Ka tambayi mai ginin gidaje nawa ne za su kasance masu rahusa, ga masu samun nawa a shekara, kuma har tsawon shekara nawa rahusar za ta ɗore. Mai gida ya tambaya ko yankinsa yana da tallafin gyaran rufi da tagogi, domin akwai yankunan da ke bayarwa.

A watan Afrilun 2024 majalisar ta amince da shirin magajin gari Brandon Johnson na ciwo bashin dala biliyan 1.25 domin gidaje da raya tattalin arziki, wanda za a biya da harajin da zai dawo wa birni yayin da wa'adin yankuna da dama ke ƙarewa. Don haka ka duba shekarar da wa'adin yankinku zai cika, tana nan a rahoton, ka tambayi kansila a rubuce ko zai nemi a tsawaita shi, da kuma ayyukan gidaje na unguwarku da aka gabatar domin cin gajiyar sabon bashin.