Sayen mota a Legas bayan dawowa daga waje: takardu, inshora da bashin banki

Wanda ya daɗe a Ingila, Amurka, Saudiyya ko Dubai ya saba da cewa abin da aka rubuta a takardar mota shi ne gaskiyar motar. A kasuwar Legas kuwa sai ka tantance da kanka. Shi ya sa muke ce wa duk wanda ya dawo gida ya bi abin daki-daki: takardu tukuna, sannan makanike, kuɗi a ƙarshe. Idan dillali ya ce maka akwai wani Alhaji da zai zo ɗaukar motar bayan la'asar, don haka ka ajiye kafin alƙalami, ka ce masa Allah ya sa alheri, ka ci gaba da bincikenka. Mota ba ta ƙarewa a kasuwar motoci ta Berger.

Kafin komai, ka tabbata kana da NIN da BVN, kuma sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a cikinsu da fasfonka. Harafi ɗaya da ya bambanta, kamar Muhammad a nan, Mohammed a can, yana iya tsayar maka da lasisi ko neman bashi na tsawon makonni.

In taho da tawa, ko in saya a nan?

Idan daga Ingila kake, bar motarka a can. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, kuma doka ba ta yarda da mota mai sitiyari a dama ba. Akwai masu juya sitiyari a gareji, amma aikin yana taɓa sandar sitiyari, bututun birki da wayoyin wuta, kuma ba mu ba kowa shawarar ya ɗora iyalinsa a kan irin wannan gyara ba.

Motar Amurka, Kanada ko ƙasashen Larabawa tana iya shigowa, in ba ta haura shekara 12 da ƙerawa ba. Ta ruwa za ta zo, ta Apapa ko Tin Can, domin tun 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu. Kasancewarta motar hawanka ba ya ɗauke mata kuɗin fito. Tun 2022 kwastam ke ƙiyasta darajar mota da lambar shasi, ba da farashin da ka ce ka saya ba, kuma da canjin dalar ranar ake lissafi. Ka nemi ejan mai lasisin kwastam tun kafin jirgi ya taso, ya rubuta maka jimillar kuɗin fito, harajin VAT na kashi 7.5, kuɗin kamfanin jirgi da na tasha. Kuɗin kuma su kasance a hannu kafin jirgi ya iso, don bayan 'yan kwanakin farko kowace rana da motar ta kwana a tasha kuɗin ajiya ne a kanka. Sau da yawa idan aka haɗa lissafin duka, sayen tokumbo, wato motar da aka hau a waje aka shigo da ita, a nan ya fi sauƙi, sai dai in motar taka ce da ka san tarihinta tun tana sabuwa.

Takardun da za ka nema

Ga tokumbo da ba a yi wa rajista ba, takardar kwastam ita ce uwa. Ka karɓi takardar SGD, wato ta bayanin kayan da aka shigo da su, mai ɗauke da lambar da ke farawa da C, da takardar ƙiyasin haraji, da rasidin banki na biya, da takardar fitar da mota daga tasha. Lambar shasi haruffa da lambobi 17 ce. Ka karanta ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ka sake karantawa a jikin ƙofar direba, ka gwada da ta takarda ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ka kai lambar C, shekara da sunan tashar da aka biya zuwa ofishin kwastam a tantance. Kada ka aiki yaron dillali.

Abin da ke faruwa shi ne, ana biyan fiton motar 2015 a matsayin ta 2010 don kuɗin ya ragu, ko a ɗora takardar wata mota a kan wata. A cikin gari ƙila ba wanda zai tsare ka. Ranar da ka kama hanyar Ibadan za ka gida hutun Sallah, nan ne jami'an kwastam za su buƙaci takarda, kuma wanda ke riƙe da mota shi ke biyan cikon, ko ya rasa ta gaba ɗaya.

Idan motar an hau ta a gida ce, ka ƙara da lasisin mota, shaidar mallaka, takardar ba da lamba da rajistar 'yan sanda ta CMR. Sunan da ke jikinsu ya zama na mai sayarwa, kuma asusun da za ka tura wa kuɗi ya zama mai wannan suna. In an ce mai motar ya yi tafiya, ɗan'uwansa ne ke sayarwa, a kawo rubutacciyar wakilci da katin shaidarsa, ko a bar cinikin. A rubuta yarjejeniya mai lambar shasi, lambar inji, farashi da shaidu biyu. La'adar dillali kuma a yanke ta tun farko, a san wanda zai biya.

Duba motar

Da yawa daga cikin tokumbon Amurka daga gwanjon motocin da suka yi haɗari ko ambaliya suke fitowa, irin su Copart da IAAI. Wannan shi kaɗai ba aibu ba ne. Ɓoyewar ce aibu. Ka sa lambar shasin a Google, sau da yawa hotunan motar a filin gwanjo za su fito, ka ga inda ta bugu da idonka. Rahoton Carfax, kamfanin da ke tara tarihin motocin Amurka, zai nuna maka mil nawa ta yi kafin ta baro can. Idan rahoto ya ce mil 190,000, agogon motar kuma yana nuna 85,000, an mayar da shi baya.

Ka je da makanikenka, ba wanda ke zaune a filin ba, kuma ku je da safe kafin a tayar da inji. Ɗora hannu a kan bonet: in da ɗumi, an riga an ɗumama ta don ƙarar farko ta ɓace. Juya makulli ba tare da ka tayar ba, ka kalli allon gaba. Dole fitilar inji, ta ABS da ta jakar iska su kama, sannan su mutu bayan an tayar. Fitilar da ba ta kama ba sam, an cire ƙwanta ko an rufe ta da baƙin salatif. A jona na'urar sikana a ramin da ke ƙarƙashin sitiyari. In ta nuna ba laifi ko ɗaya, amma gwaje-gwajen kwamfutar motar ba su kammala ba, share laifuffukan aka yi kwanan nan. Ku yi tafiyar minti 20 ku sake jonawa.

Motar da ta sha ruwa ita ce wadda muka fi jin tsoro, don ciwonta a wayoyi yake, kuma sai bayan watanni yake bayyana. Ja bel ɗin kujera har ƙarshe ka duba ko akwai layin laka. Ɗaga kafet, leƙa ramin safayar taya, haska ƙarfen da kujera ke gudu a kai ko da tsatsa. Turaren da ya yi yawa a cikin mota ma abin tambaya ne.

Sai a ɗaga ta a duba ƙasa: walda a jikin shasi, yoyon baƙin mai ko man giya, da indomin salansa, wanda ake yankewa a sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa. Buɗe murfin baƙin mai. Abu mai kama da madara a jikinsa alamar ruwa na haɗuwa da mai ne, ƙila gasket ya tafi. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar da ta tsufa haka, ko zanenta na nan ras, ka cire kuɗin sabbi huɗu daga farashi.

A zaɓen mota, ka yi tunanin Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota ta Legas. Corolla, Camry, Highlander, Sienna da Accord kayan gyaransu na nan birjik, kuma makanikai daga Agege har Kano sun san su. Mota mai ƙasa-ƙasa tana wahala a ramuka da ruwan damina, kuma tun da aka janye tallafin mai a Mayun 2023, bambancin silinda huɗu da shida a gosulon gadar Third Mainland ba ƙarami ba ne.

Rajista da lasisi

Hukumar MVAA ce ke ba da lamba da lasisin mota a jihar Legas. Shaidar lafiyar mota kuwa sai an kai ta cibiyar LACVIS an gwada birki, fitilu da hayaƙi. Lasisin motar da wannan shaida kowace shekara ake sabunta su. Motar da ka saya a hannun wani, ka yi canjin suna nan take da takardar rantsuwa ta kotu, domin kyamarorin titi lambar mota suke ɗauka, kuma ba ka son gadon tarar wani. Lasisin tuƙi na Najeriya na shekara 3 ne ko 5, kuma dole ka je da kanka cibiyar Hukumar Kiyaye Haɗurra a ɗauki hotonka da zanen yatsu. Wanda ya ce zai kawo maka har gida ba tare da wannan ba, jabu zai kawo.

Inshora

Mafi ƙaranci da doka ta wajabta ita ce inshorar da ke biyan wanda ka yi wa ɓarna. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da inshora ta mayar da kuɗinta naira 15,000 a shekara ga motar hawa, tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3. Motarka kuwa ba ruwanta da ita. Duk takardar da aka ba ka a bakin ofishin lasisi ƙasa da wannan farashi, ka zarge ta. Danna *565*11# ko ka shiga askniid.org ka sa lambar motarka. In sunan kamfani bai fito ba, ba ka da inshora.

Cikakkiyar inshora, mai biyan gyaran motarka, gobara da sata, ba ta gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar motar ba. Motar miliyan 15 ke nan naira 750,000 a shekara. Kada ka rage darajar don kuɗin ya sauka: in ka rubuta miliyan 10 a motar miliyan 15, kashi biyu cikin uku na gyara za a biya ka. Kuma da yadda farashin motoci ke tashi, a sake ƙiyasi duk lokacin sabuntawa. Tambayi abu uku a rubuce: nawa ne kason da kai za ka fara biya a kowane gyara, shin ambaliya na ciki, kuma shin sai ka sa tiraka kafin su biya sata. Ga mazauna Lekki, Ajah da duk unguwar da ruwa ke kwanciya a Yuni da Yuli, maganar ambaliya ba ta wasa ba ce. Idan motar ta mutu a cikin ruwa, kada ka sake tayarwa. Ruwan da ya shiga silinda yana lanƙwasa kwanrod, wato sandar fistin, kuma kamfani na iya cewa kai ka jawo.

Shekarun da ka yi a waje ba ka yi haɗari ba, kada ka sa ran za su rage maka komai a nan. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar gargajiya ba, akwai takaful, wato inshorar Musulunci, wadda NAICOM ta fitar wa ƙa'idoji a 2013. Noor Takaful a Legas take, akwai kuma Jaiz Takaful da Salam Takaful. In an yi haɗari, ɗauki hotuna a wurin, sanar da kamfani a ranar, kada ka fara gyara sai jami'insu ya gani.

Bashi

Nan ne masu dawowa suka fi shan mamaki. Kyakkyawan tarihin biyan bashi da ka gina a waje bai biyo ka ba. Bankunan nan rahoton kamfanonin da ke ajiye tarihin bashi, wato CRC, FirstCentral da CreditRegistry, suke dubawa, kuma a wurinsu kai baƙo ne. Abin da za su nema shi ne bayanin asusu na akalla wata shida, takardar aiki ko rajistar kasuwanci, shaidar adireshi, sau da yawa kuma albashinka ya riƙa shiga ta bankin. Saboda haka ka buɗe asusu tun da wuri, kuɗinka su riƙa bi ta ciki. Za ka ajiye wani kaso na farashin, galibi kashi 20 zuwa 30, kuma cikakkiyar inshora dole ce har ka gama biya.

Kuɗin ruwa a nan ba irin wanda ka sani ba ne. A ƙarshen 2024 ma'aunin Babban Banki kansa ya kai kashi 27.5, bankuna kuma a samansa suke ɗorawa. Ga misali don lissafi kawai: ka ci bashin miliyan 10 na wata 36 a kan kashi 30. In ana lissafa ruwan a kan abin da ya rage, za ka riƙa biyan kusan naira 424,500 a wata, jimilla miliyan 15.3. In kuwa a kan uwar kuɗin duka ake lissafawa har ƙarshe, jimillar miliyan 19 ce. Kashi 30 aka ce maka a duka biyun, amma tsakaninsu akwai miliyan 3.7. Ka nemi jadawalin biya na kowane wata a rubuce, ka tambayi kuɗin hidima, da ko ruwan zai iya tashi a tsakiyar tafiya, da abin da za a caje ka in ka biya da wuri. Ka kuma sani cewa tun 2020 akwai tsarin GSI, wanda in ka sa hannu ka kasa biya, ana iya cirar kuɗin daga asusunka na wasu bankuna.

Ga mai gudun riba, Jaiz, TAJBank, Lotus da The Alternative Bank suna aiki ba da kuɗin ruwa ba. A murabaha, banki ne ke sayen motar ta zama tasa, ya sayar maka da ƙarin da kuka amince, kuma farashin ba ya sauyawa bayan an ƙulla. A ijara kuwa haya kake biya, mallaka ta dawo gare ka a ƙarshe. Kada ka riga banki ƙulla ciniki da mai mota, domin ba zai sayar maka da abin da ya riga ya zama naka ba. Rashin ruwa kuma ba ya nufin araha, sai ka gwada jimillarsu da ta sauran.

A ganinmu, wanda ya dawo da ɗan abin hannunsa gara ya sayi ƙaramar mota lafiyayya kuɗi hannu, ya ware aƙalla kashi 15 na kasafinsa don rajista, inshora, taya, batir da sabis na farko. In kuma bashin ya zama dole, ranar da ka biya kason ƙarshe ka karɓi wasiƙar da ke nuna ba a bin ka komai, da ainihin takardun motar, da makulli na biyu da banki ya riƙe, sannan ka je MVAA da kamfanin inshora a cire sunan bankin daga takardun.